Ku Tambayi Likitan Gashi: Bayana na ciwo, in kwanta ne ko in motsa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan rabinsu magana ɗaya suke, ciwon baya da kwankwaso, shi ne nace toh bari kawai mu bar musu filin gaba ɗaya. Na zaɓi guda shida na cire sunaye kamar yadda muka saba. Waɗanda suka turo kan ciwon gwiwa da shanyewar ɓarin jiki ku yi haƙuri, naku na nan tafe a fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Dakta, ni ɗan Napep ne anan Gombe shekarata 38, kullum tun bayan asuba ina kan hanya daga Tashar Dukku zuwa Tumfure sai bayan isha'i nake ajiye mashin. Yau shekara biyu kenan kwankwasona na ciwo, in na sauko sai na dafa ƙarfe na ɗan jima kafin na iya miƙewa. Ance basir ne nasha magani jarka jarka, ance sanyi ne shima nasha, yanzu kullum sai na karɓi haɗi a kemis kafin na samu barci. Ƙanina ya nuna min wani bidiyo a waya wasu turawa suna lanƙwasa baya a hankali akan tabarma wai shi Pilates, yace shine maganin. Ni dai naga kamar wasan mata ne ko gumi basa yi. Da gaske yana magani ko ɓata lokaci ne?

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi ya sa albarka a nema. Kafin mu je kan bidiyon bari in fara da haɗin nan don shi ya fi tsaya min a rai. Sau da yawa in ka buɗe ƙullin zaka samu diclofenac ne da ibuprofen ko piroxicam an haɗa su wuri guda, wani lokacin har da prednisolone, kuma waɗannan in mutum ya mai da su abincin dare gyambon ciki suke jawowa su taɓa ƙoda. Don Allah ka je asibiti a auna maka jini da ƙoda, ka tafi da ƙullin ka nuna musu su gani da idonsu.

Shi kuma basir a dubura yake, ba ya hawa ya kama ƙashin baya. Na san haka muka taso muna ji, duk abin da ya ciji mutum daga cibiya zuwa ƙasa sai ace basir ne, mai lasifika a tasha ma abin da yake faɗa kenan tun safe. Amma abin da ka kwatanta ya fi kama da bayan da ya shekara da shekaru a zaune wuri ɗaya yana shan girgiza.

Ka ɗauko carbinka ka duba, haka gadon baya yake. Ƙasusuwa 33 ne a jere, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu, sauran na ƙasa sun manne da juna. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani ɗan faifai mai laushi kamar matashi, guda 23 ne, su ke shanye nauyi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne faifan nan kusan ba shi da jijiyar jini a cikinsa, to ta ina yake cin abinci? Kamar soson wanka ne, in an matsa ruwa ya fita, in an saki ya tsotso sabo. Motsi ne ke ciyar da shi. Kai kuma daga asuba zuwa isha'i ka matse shi ta fuska ɗaya, ka ɗan duƙa gaba hannu na kan kan mashin, ga rami ga kwanta-kwanta, ba a sake shi ba sai dare.

Sai kuma tsokar da ke riƙe da wurin. Ka ɗauki tsakiyar jikinka kamar ganga. Fatar sama ita ce tantanin numfashi da ke ƙarƙashin huhu, fatar ƙasa tsokar da ke riƙe fitsari da bayan gida, sannan akwai wata tsoka can ciki da ta zagaye ciki kamar ɗamara, da wasu ƙanana da suka bi gadon baya suna ɗaure ƙashi da ƙashi. A 1996 wasu masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun gano cewa mai lafiyayyen baya, kafin ma ya ɗaga hannu ɗamarar nan ta riga ta ɗaure, amma mai ciwon baya tasa makara take yi. Kuma ƙananan nan na jikin gadon baya in ciwo ya taɓa su sukan rame, ko ciwon ya lafa ba lallai su dawo da kansu ba sai an tashe su. Ba sa tashi da ƙarfin tsiya, shi ya sa kaga mutanen bidiyon ba sa gumi. Aikin a ciki yake.

Maganar wasan mata kuwa, wanda ya ƙirƙiro abin sunansa Joseph Pilates, Bajamushe ne da aka haifa a 1883, ɗan dambe ne. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya Ingila ta tsare shi tare da sauran Jamusawa a wani tsibiri, a nan ya riƙa horar da maza 'yan'uwansa da ke tsare, daga baya ya koma New York ya buɗe wurin horo, ya rasu a 1967. Mata sun rungume shi daga baya ne saboda sun ga amfaninsa.

Ga abin da nake so ka yi, tabarma kawai kake buƙata da minti 10 zuwa 15. Ka kwanta rigingine ka tanƙwashe gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa. Ɗora hannu a gefen haƙarƙari ka ja numfashi ta hanci har kaji haƙarƙarin na buɗewa, sai ka saki ta baki a hankali kamar kana hura shayi mai zafi, yayin da iskar ke fita ka ɗan janyo mararka ciki, kaɗan fa, ba shanye ciki ba. Kayi haka sau biyar ko shida. Daga nan sai babban, kana fitar da numfashi ka manna ƙugunka a tabarma, sai ka fara ɗago bayanka daga ƙasa, ƙashi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kake jan carbi, har ka tsaya a kan kafaɗu, ka ja numfashi, sai ka sauko haka nan daga sama, ɗaya ɗaya, ƙugu ne na ƙarshe. Ranar farko zaka ji wani yanki ya ƙi rabuwa, ya tashi gaba ɗaya kamar katako ya faɗo gaba ɗaya. Wannan yankin shi muke nema.

Akwai wani tela da ya zo wurina ana saura kwana kaɗan sallah, ya ɗaure ƙugu da wani faffaɗan bel har ya yi masa shaida a fata. Na sa shi ya kwanta na zura tafin hannuna ƙarƙashin bayansa nace ya danne min hannu da ƙugunsa kawai. Wallahi bai san yadda zai yi ba, sai ya ɗaga kafaɗa, ya cije leɓe, ya riƙe numfashi, ƙugun ko gezau. Mun fi minti biyar a haka, sai can naji ɗan motsi a yatsuna kamar an taɓa ni, na ce masa yauwa wannan ne, ya buɗe ido yana kallona yace ashe wurin na motsi. Mutumin da ya shekara ashirin a kan keken ɗinki ya manta cewa akwai gaɓoɓi a wurin.

In ka gama wannan sai ka haɗe gwiwoyi ka bar su su kwanta dama a hankali, su dawo, su kwanta hagu, kafaɗu na ƙasa. Sai ka juya kayi rarrafe, ka tura bayanka sama ka sunkuyar da kai kamar mage ta tashi daga barci tana miƙa, sannan ka saki cikin ya sauko ka ɗago ƙirji, kana tafiya da numfashi ba tsayawa, wannan ya shiga cikin wancan kamar ruwa. Na ƙarshe, kana a rarrafen ka miƙa hannun dama gaba ƙafar hagu baya, ka ɗauka an ɗora maka kwanon koko a gadon baya kar ya zube, ka ƙirga biyar ka sauya. Kowanne sau 6 zuwa 8 ya isa.

A bakin aiki ma akwai abin yi. Lokacin da kake layi kana jiran fasinja ka matso bakin kujera, ka lanƙwasa baya ka miƙe, ka karkata dama da hagu, ka juya ka kalli kujerar baya ta kowane ɓangare. Gaba, baya, gefe biyu, juyi biyu, hanyoyi shida kenan da aka halicci baya ya bi, kai kuma ɗaya kake ba shi. Duk sallah ka ɗan taka na minti biyar kafin ka koma, ka kuma cire walat daga aljihun baya.

Zaka ji ɗan tsami a farko, in ya lafa kafin washegari ba komai ci gaba. In kuma wani motsi ya sa ciwo ya harba zuwa ƙafa kamar wutar lantarki, ka bar wannan ɗin ka nemi sashen gashin ƙashi (fisiyo) na asibiti a duba ka. Ka ba shi sati 6 zuwa 8 kafin ka yanke masa hukunci, ciwon shekara biyu ba ya tafiya a kwana uku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, ni malamin sakandare ne a Bauchi shekara 46. Nayi hoton MRI aka rubuta cewa faifai biyu na ƙugu sun bulluƙo. Tun daga ranar na daina komai, na daina noma ɗan fegina, sallah ma a kujera nake yi saboda tsoron kar nayi ruku'u abin ya ƙarasa gocewa na shanye. Wata huɗu kenan amma ciwon sai ƙaruwa yake.

AMSA: Wa alaikumussalam Malam. Saƙonka ya taɓa ni don ire-irensa nake gani kusan kullum, mutum ya shigo asibiti da ƙafarsa ya fita da takarda, daga ranar takardar ta kwantar da shi. Bari in faɗa maka abin da ba a rubuta a jikinta ba. A 2015 an tattara binciken da aka yi wa mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka saka su a na'urar, sai aka samu cikin 'yan shekara 20 kusan kashi 30 cikin ɗari faifansu ya bulluƙo, cikin 'yan shekara 80 kuma kashi 84. Suna yawonsu lafiya lau ba su ma sani ba. Kaga kenan sau da yawa abin kamar furfura ne, alamar an kwana biyu a duniya. Kuma faifai ba ya zamewa ya fice kamar sabulu, a ɗaure yake tamau da ƙashin sama da na ƙasa. Ko wanda ya fashe ya danne jijiya ma, da yawa jiki ne ke shanye abin da ya fito a hankali cikin watanni.

Ban ce ciwonka ƙarya ne ba Malam, ciwo na nan. Abin da nake cewa shi ne wata huɗun da ka yi kana lallaɓa bayan kamar ƙwai ya sa tsoka ta saki, gaɓoɓi sun ƙage, ga tsoro da ke sa mutum ya ɗaure jikinsa duk yini, kuma jikin da ke ɗaure ya fi jin zafi. Da can likitoci kan ce a kwanta sati biyu, an daɗe da barin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya, kuma kusan 9 cikin 10 ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna ace ita ce. A jagorar da ta fitar a Disamba 2023 kan ciwon da ya daɗe, motsa jiki da wayar da kan majinyaci suna cikin abubuwan da ta sa a gaba.

Sallah a zaune rangwame ne ga mara lafiya, sahabi Imrana ɗan Husaini ya tambayi Annabi (SAW) ya ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Babu mai zarginka. Amma ta fuskar jiki ba na jin ruku'u zai shanyar da kai, indai ƙafarka ba ta rasa ƙarfi ba. Ka fara gwadawa a gida, ka tsaya gaban tebur ka dafa, ka tura ɗuwawu baya ka lanƙwasa daga mahaɗar cinya bayanka a miƙe, ka sauka iya inda hankalinka ya kwanta ka dawo. Kullum ka ƙara kaɗan. Sai dai ka kula da asuba, cikin dare faifan kan sha ruwa ya cika, shi ya sa mutum ya fi tsayi da safe da kusan santimita ɗaya, kuma a lokacin duƙawa sosai ta fi takura shi. Wani farfesa da ya yi aiki a Jami'ar Waterloo ta Kanada, Stuart McGill, ya daɗe yana jan hankali kan haka. Saboda haka motsin lanƙwasa baya ka bar shi sai hantsi ko bayan la'asar, in ka tashi asuba kuma ka ɗan zaga tsakar gida kafin ka tada sallah.

Motsin da na rubuta wa ɗan'uwanmu na sama kaima za su yi maka, amma ka fara da numfashi da na mage kawai, ƙanana ƙanana. Tunda a Bauchi kake ka je sashen gashi na asibitin koyarwa na ATBU da hoton a hannu, su gwada ƙarfin ƙafarka su tsara maka naka. Fegin nan kuma ina so ka koma masa, ko da rabin awa ne da farko.

TAMBAYA: Salam Dakta dan Allah a ɓoye sunana, daga Fadaman Mada. Wata huɗu da aka min CS haihuwata ta uku, har yanzu cikina kamar mai ciki wata biyar, in na yunƙura zan tashi sai tsakiyar ya yi tsini, ga ciwon baya in na goya yaro, in nayi tari ko atishawa fitsari na ɗan zubo min. Mamana tace in ɗaure da zani sosai, ƙawata kuma tace in riƙa sit-up.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya raya ya ba ki lafiyar shayarwa. Kin kyauta da kika faɗi maganar fitsarin, mata da yawa suna shekaru da shi suna jin kunya, alhali yana gyaruwa. Abubuwan nan uku da kika lissafa tushensu ɗaya. Tsokar gaban ciki biyu ce a tsaye, dama da hagu, da wani zare a tsakaninsu, in ciki ya girma sai zaren ya buɗe. Ki kwanta rigingine ki tanƙwashe gwiwa, ki sa yatsu a saman cibiya ki ɗago kai kaɗan, za ki ji rami tsakanin tsoka biyun, in ya wuce faɗin yatsu biyu to zaren ne ya buɗe. Tsinin da kike gani kayan ciki ne ke turowa ta wurin, kuma shawarar ƙawarki a yanzu ƙara turo shi za ta yi, ki ajiye ta tukuna.

Maganar Mama kuma akwai gaskiya a ciki, ɗauri na sa mace ta ji ta haɗu a satuttukan farko. Amma zani ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, in kuma aka matse da yawa nauyin ƙasa yake komawa kan mafitsara. Majanyin gaske na cikin jikinki, shi za mu tasa. Ki kwanta ko ki zauna, ki ja numfashi ki bar cikin ya saki gaba ɗaya, in kina fitarwa ki ɗan tsuke ƙasanki kamar kina riƙe fitsari da iska lokaci guda, ki janyo mara a hankali daga wurin ɗinkin zuwa cibiya, ki riƙe kina ƙirga uku zuwa biyar, ki saki sosai. Sakin ma aiki ne, kar ki yi wasa da shi. Sau goma, safe da rana da dare, lokacin shayarwa ma ya yi. Kar dai ki gwada a banɗaki kina tsakar fitsari. In kin saba sai ki ƙara da manna ƙugu a katifa, da zame diddige ɗaya ki miƙe ƙafa ki dawo ba tare da cikin ya yi tsini ba, daga baya ki shiga na carbi da na mage da na kwatanta a amsar farko.

Tashi daga kwance kuma ki mirgina gefe tukuna ki tura da hannu. In za ki ɗauki yaro ko bokiti ki fitar da numfashi ki tsuke kafin ki ɗaga. Goyo ki ɗora shi sama sosai kar ya zauna kan ƙugu. Duk wannan in wurin aikin ya warke ne ba ruwa ba zafi, kuma likitan da ya duba ki bayan arba'in ya sallame ki.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba, mai jego da ke haki daga ɗan aiki kaɗan, ko ƙafa na kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo, wannan ba na motsa jiki ba ne, zai iya zama ciwon zuciya na bayan haihuwa da aka sani sosai a arewacin ƙasar nan. Asibiti a ranar.

TAMBAYA: Oga ni ina zuwa filin wasa na Pantami duk safiya ina sit-up 150 don teɓa ta tafi, teɓar bata tafi ba kuma yanzu bayana ya fara ciwo.

AMSA: Ƙanina teɓa kitse ne, kuma kitse ba ya narkewa daga wurin da aka matsa, daga faranti yake raguwa da tafiya ko gudu. Abin da kake yi shi ne lanƙwasa ƙugu ta hanya ɗaya sau 150 da sauri, galibi ma tsokar gaban cinya ce ke fizgo ka. Ka dakatar da shi. Ka koma kwanciya ta gefe ka tokare da gwiwar hannu ka ɗaga ƙugu na daƙiƙa goma, ka maimaita, ka haɗa da na kwanon koko da na carbi. In ka yi su a hankali yadda ya kamata za ka ji jikinka na rawa tun kafin ka kai takwas.

TAMBAYA: Salam, mahaifiyarmu ce a ƙauye wajen Dukku shekararta kusan 60, wata biyar tana ciwon baya, ta rame sosai, da daddare zazzaɓi da gumi, yanzu wani ƙashi ya fara turowa a tsakiyar bayanta kuma ƙafafunta sun fara nauyi. Mai ɗori ya danna wurin sau biyu an kuma yi mata ƙaho. Wane motsa jiki zamu koya mata?

AMSA: Ɗan'uwa ko ɗaya. Na amsa maka ta waya tun ranar da saƙon ya shigo, ina maimaitawa a nan ne saboda wasu. Kar a sake danna wurin, kar a tausa, kar a lanƙwasa ta. Ciwon baya da rama da zazzaɓin dare da gumi da ƙusumbi na fitowa, abu na farko da za a bincika shi ne tarin fuka na ƙashin baya. Eh, tibi na kama ƙashi, kuma mutum zai iya samunsa ko tari ba ya yi. Yana cinye ƙashin ne har ya rufta ya danne laka, nauyin ƙafar nan alama ce ta cewa an fara taɓa lakar. A ɗauko ta a kwance, ba a kan mashin ba, a kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. In shi ne, maganin tibi kyauta ne a ƙasar nan, sai dai na ƙashi ya fi na huhu daɗewa, yakan kai shekara, kuma waɗanda aka kama da wuri da yawa suna komawa kan ƙafarsu. Aikinmu na gashi zai zo daga baya in likitoci sun ce ƙashin ya kama. Allah ya ba Inna lafiya.

Duk mai karatu ya riƙe wannan, in ciwon baya ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsarin, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa na jan ƙasa, ko bayan faɗuwa daga bishiya ko hatsarin mota, ko mutum ya taɓa yin ciwon daji, to ba tabarma zai nema ba, mota zai nema. Masu sikila da tsofaffin da ƙashinsu ya yi rauni suma a duba su kafin su fara komai.

TAMBAYA: Dakta ina ganin sunaye kala kala a YouTube, Pilates, Gyrotonic, yoga, wasu da injina masu igiya da taya. Wanne ya fi? Kuma bel ɗin baya da ake sayarwa a kasuwar Wunti yana da amfani? Hajiya daga Yelwa.

AMSA: Hajiya barka da ƙoƙari. Gyrotonic wani ɗan rawa ne haifaffen Romaniya, Juliu Horvath, ya tsara shi bayan rauni ya raba shi da sana'arsa, nasa ya fi ba da ƙarfi kan zagaye da murɗawa kamar mai iyo, akwai na inji akwai kuma wanda ake yi a kan ɗan benci da tabarma. Duk suna da kyau, amma a ganina sunan ba shi ne maganin ba. A 2015 ƙungiyar Cochrane mai tattara binciken lafiya ta duba gwaje-gwaje 10 da aka yi kan Pilates da ciwon ƙugu, ta samu ya fi zama ba a yin komai, amma ba ta samu hujjar cewa ya fi sauran motsa jiki ba. Saboda haka kar rashin inji ya hana ki, wanda za ki iya yi kullum a ɗakinki bayan la'asar shi ne naki. In kina bin bidiyo ki zaɓi na masu farawa, kar ki yi gasa da mai koyarwa, ita ta shekara goma tana yi.

Bel kuwa ki sa shi in ciwo ya taso sosai kwana biyu ko uku, ko za ki yi doguwar tafiya a mota kamar Bauchi zuwa Kano. In kin isa ki cire. Kar ki kwana da shi, kuma kar ki sa shi lokacin da kike kan tabarma kina motsin, don a lokacin so muke tsokar ta ji cewa ita kaɗai ce a wurin.